Ƙarafan Tagar Uma

Masrani ya cusa guntun rodin a bakin almakashin yankan ƙarfe, ya taka hannu ɗaya da ƙafa, ya danna ɗayan da dukan nauyinsa har jijiyoyin wuyansa suka fito. Da ya buɗe, rodin na nan yadda yake, sai 'yar ƙarzuna. Bakin almakashin ne ya lotsa.

"Ka kashe mini wani," in ji Haji Tarmiji mai shagon, ya karɓi almakashin yana duba bakinsa da takaici. "Rani, wai siyayya ka zo yi ko ɓarna?"

"Ba wanda ya fi wannan, Pa Haji?"

"Wanda ya fi wannan sai dai mutum biyu su ɗauka."

Jumberi, abokin aikinsa a ƙungiyar 'yan sa kai masu kashe gobara ta unguwarsu, yana zaune kan buhun ƙusa yana cin shinkafa da kifi a ganyen ayaba. Addarsa na rataye a ƙugu kamar kullum, har a kasuwa, don kada wani ya kasa gane ko shi wane ne.

"Na gaya masa tun a hanya," ya ce da baki cike. "Ƙarfen Masrani sai Masrani. Ko jirgi aka ɗaure da shi ba zai tsinke ba."

Da a makon jiya ne aka faɗi haka, da Masrani ya ji daɗi. Duk birnin Banjarmasin akwai masu walda, amma a wannan ɓangaren kogi in mutum yana son ƙarafan taga da za su sa shi barci har da minshari, wurin Masrani yake zuwa. Ba ya amfani da bututu mai rami. Rodi yake sa wa, cikakke, kauri kamar babban yatsa, ya bi kowace mahaɗa da wuta ciki da waje. Ya daɗe yana yi wa Udin dariya, mai waldar bakin gada, wanda ke ɗiga wuta nan da can kamar mai tsoron ta ƙare, ya rufe ƙaryarsa da fenti.

Shekaranjiya da hantsi wuta ta tashi a layin bayan masallaci. Gidajen katako ne a kan turaku, manne da juna, hanyar shiga kuwa 'yan alluna ne a kan ruwa. Ƙungiyoyi sun zo daga ko'ina da jiniya da ihu, kowa na rige-rigen jefa tiyonsa a kogi. Mutanen gida na biyu wuta ta tare musu ƙofa, maigidan ya sa ƙafa ya doki ƙarfen tagarsu, aikin Udin, ya faɗa ruwa gaba ɗaya, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Gida na uku na Acil Norhayah ne mai soya ƙuli da wainar ayaba. Masrani ne ya fara isa tagarta. Ya sari rodin da gatari, gatarin ya dawo masa. An yanke wutar lantarki, injinsa na yanka ba shi da amfani ko da yana kusa. Tana riƙe da ƙarafan da hannu biyu, ta gane shi cikin hayaƙin.

"Rani, kai ka sa su," ta ce. "Cire su mana."

Ba ihu ta yi ba, kuma wannan ne ya fi cin sa. An binne ta jiya. Ba wanda ya ce masa komai a maƙabarta, har 'ya'yanta sun gode masa da ƙoƙari. Shi kuwa tun daga lokacin tunaninsa ɗaya ne: tagar mahaifiyarsa. Irin rodin ne, hannunsa ne, kuma a can ya fi ƙwarewa saboda ta Uma ce.

Haji Tarmiji ya ga fuskarsa, ya sassauta. Ya shiga fito da kaya yana jerawa kan teburi. Ga wata wuƙa mai ƙugiya, ta yanke igiya da bel ɗin mota. Ga gatari mai tsini a baya. Ga injin yanka mai batir, sabo a kwalinsa.

"Wannan zai ci rodinka," ya ce. "Amma sai ka tsaya a kansa, ka gama ɗaya ka koma ɗaya, sama da ƙasa. Kai ka san gidan katako, ba sai na faɗa maka ba. Kuma ina injin zai zauna? A motarku. Motarku tana shiga layin Uma?"

"Keke ma da kyar," in ji Jumberi. "Ni dai addata. A sare bango a fito da mutum, haka kakanninmu suka yi."

"Bangon Uma katakon ulin ne," Masrani ya ce. "Abah, mahaifina, sai da ya huda kafin ƙusa ta shiga. Je ka sare shi in gani."

Jumberi ya lashe yatsunsa. Ya san gidan.

"Gaskiya ɗaya ce," in ji Haji, yana mayar da injin kwali. "Ƙarfenka zarto ne kawai ke cinsa cikin daɗin rai. Shi kuma zarto sai mai lokaci."

Masrani ya tsaya yana jujjuya guntun rodin a tafinsa. Can ya ce, "Ba ni ruwan zarto. Mafi siriri da kake da shi."

Jumberi ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware. "Da zarto za ka shiga gobara? Ka haɗa da kujera, ka zauna ka yi aikinka a tsanake!"

Masrani ya biya, ya biya har da almakashin da ya lotsa, ya fita.

Ya sami Uma bayan azahar tana tsince shinkafa a ƙasan tagar. Ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin, ƙofa ɗaya, kuma tukunyar gas na gefen ƙofar, inda wuta za ta fara in za ta fara. Tagar tana kallon kogi. Ƙofar kuwa tun bara, da ɓarawo ya shigo ta tagar ya fizge mata ɗan kunne har ya tsaga kunnen, Uma take datse ta da kwaɗo daga ciki, dare da rana. Bayan wannan ne Masrani ya sa ƙarafan, yana rantsuwa ko aljani ba zai wuce ba.

"Ka ci abinci?" ta ce.

"Na ci. Uma, ƙarafan nan nake so in cire."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Ka cire ka kai wa wa?"

"Ba kowa. Kin ga abin da ya sami Acil."

"Norhayah kwananta ne ya ƙare. Allah ya jiƙanta, ta bar mai a wuta ta shiga wanka, tun muna 'yan mata haka take."

"To in yi miki mai buɗewa, da sakata."

"Abin da ni zan buɗe, ɓarawo ma zai buɗe. Ka ɗauka su ba su da hannu?" Ta taɓa kunnenta. "Kai kana can ƙetaren gada da matarka kuna barci. Ni nake jin ƙarar kowane kwalekwale da ya wuce. Wuta sau ɗaya take zuwa, ɗana. Tsoro kullum ne."

"Ki dawo wurinmu, Uma. Surukarki Hairiah ma ta ce..."

"A nan ubanka ya mutu." Ta kaɗa farantin, ta hure ƙaiƙayin. "In ka taɓa ƙarafan nan ban yafe ba. Ka ji na faɗa."

Ya ji. Mutum ne mai furfura a gemu, yana da 'ya ta isa aure, amma maganar ta mayar da shi yaro. Ya zauna yana kallon tagar, yana jin haushin kansa, yana jin haushinta, yana jin tsoro ya fi duka.

"To bari in sake musu fenti," ya ce. "Gishirin ruwa ya fara cinsu."

"Wannan kuma ruwanka."

Da la'asar maƙwabciya ta zo ta kama hannunta suka tafi karatun mata, a hankali, saboda gwiwoyin Uma. Masrani ya ari kwalekwale, ya ɗaure shi a turakun gidan, ya tsaya a ciki daidai ruwa ya cika ya ɗago shi kusa da tagar. Ya ɗaura ruwan zarton.

Bai taɓa sanin aikinsa na da kyau haka ba sai da ya zo ɓata shi. Ƙarfen ya yi ta gardama, kwalekwalen na rawa a ƙarƙashinsa, zufa na shiga idonsa. Ya yanka kowane rodi sama da ƙasa, daga waje, ya bar ɗan abin da bai fi kaurin farce ba yana riƙe da shi. Masu wucewa a jirgi suna ɗaga masa hannu. Wani ya yi ihu, yana kiransa kawu da yarensu, "Amang Rani, a ƙara ƙarfi, ɓarayi sun yi yawa!" Ya ɗaga masa zarton. Ya cike tsagogin da ƙullin da ake cike lotsawar mota, ya goge, ya bi da baƙin fenti. Da ya ja baya ya duba, ko shi bai ga wurin ba. Duka ɗaya da ƙafa zai kai tagar kogi. Udin ma ba zai yi ƙaryar da ta fi wannan ba.

Uma ta dawo dab da magariba, ta shaƙi warin fenti, ta yaba. Ta ce sun yi kamar sababbi, ta ce yau ta gaya wa matan karatu cewa duk layin ba mai taga irin tata. Masrani ya sunkuyar da kai yana wanke hannu da kananzir. Ya ja ta sallah a ɗakin, shi a gaba, ita a baya a zaune kan darduma ƙasan tagar.

Ya sallame, ya juyo daidai lokacin da ta gama addu'a. Ya ga ta ɗaga hannu sama ba tare da ta duba ba, yadda mutum ke yin abin da ya saba yi sau da yawa kowace rana, ta nufi rodin tsakiya za ta rataya nauyinta a kai ta miƙe. Bai taɓa tambayar kansa yadda take tashi daga ƙasa ba in ba kowa a ɗakin.

Ya yi tsalle ya cafke wuyan hannunta.

"Kai! Lafiya?"

"Fentin bai bushe ba, Uma."

"Shi ne za ka karya ni?" Ta harare shi, sannan ta kama damtsensa. Ya ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba shi tsoro. Ta tsaya tana mayar da numfashi, tana gyara mayafi. "To, zuwa asuba ya bushe ai. Tafi gida, matarka na jira."

Masrani ya dubi tagar, ya dubi kwaɗon ƙofa, ya dubi ɗan filin da ke tsakanin gadonta da bango.

"Ina tabarmar Abah?" ya ce.

"Tana bayan kwaba. Me za ka yi da ita?"

"Nan zan kwana."

"Saboda fenti?"

"Irin mai wuyar bushewa ne."

Ta ƙura masa ido, ta daɗe. Sannan ta juya ta dubi ƙarafan, ta fi daɗewa.

"Har yaushe?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya leƙa bayan kwabar. Ya jawo tabarmar, ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa a ƙasan tagar.