Muryar Ladan a Kan Motar Kamfe

Shekara ashirin da bakwai Ladan yana riƙe da makirufon masallacin unguwa, amma bai taɓa duba takardar sanarwa kafin ya karanta ta ba. Da an sallame salla a miƙo masa, sai ya ƙwanƙwasa kan makirufo sau biyu da farce, ya yi gyaran murya, ya bi rubutun da yatsa kalma-kalma. Rasuwa ce, akuya ce ta ɓata, makulli aka tsinta, shi ma a tsakiyar karatu yake jin labarin tare da kowa. Matarsa ta sha ce masa, "Malam, wata rana sai ka sanar da mutuwarka ba ka sani ba."

Ana saura mako uku zaɓe, bayan La'asar, Sakataren kwamitin masallaci ya miƙo masa wata takarda bugun inji. Ladan ya ƙwanƙwasa, ya yi gyaran murya.

"Ana sanar da jama'a cewa ƙuri'a amana ce. Ɗan takararmu shi ne garkuwar addini. Duk wanda ba namu ba, kada a yi ciniki da shi, kada a ba shi aiki, kada a amsa gaisuwarsa..."

Nan yatsansa ya tsaya cak. Ya ninke takardar, ya ce cikin makirufo, "A'a, wannan kam ba da bakina ba." Ya koma gida yana ganin magana ta mutu.

Ashe wani a sahun gaba ya ɗauki muryar a waya. Ba a yi kwana biyu ba sai ga motar kamfe da lasifika huɗu a ka tana zaga unguwa da muryar Ladan, har da ƙwanƙwasawar da gyaran muryar. "A'a" ɗin da abin da ya biyo bayansa kaɗai aka yanke.

Wanda abin ya fi shafa kuwa katangarsu ɗaya da Ladan. Kafinta ne, addininsu ba ɗaya ba, amma shi ya haɗa katakon ajiye takalma na masallacin, shi ya yi tsanin da Ladan ke hawa ya gyara lasifika. Da kiran asuba yake tashi aiki, shi ya sa yake ce wa Ladan Agogona. Idan sun haɗu da safe sai ya duba hannunsa ya ce, "Agogona, yau ka makara da minti uku, zan kai ka gyara."

Cikin mako guda shagon Kafinta ya yi tsit. Wadda ta ba da aikin gado ta aiko a fasa, masu zaman hira a bencinsa suka koma wata inuwar. Ladan ya same shi yana goge zarton da ba abin da ya yanka.

"Maƙwabci, wallahi ban ƙarasa ba. Na ce a'a."

"Na sani, ina nan zaune na ji ka," in ji Kafinta. "To amma kai sau ɗaya ka faɗa. Motar nan sau goma take wucewa a yini."

Ladan ya je wajen Sakatare ransa a ɓace. Sakatare ya tarbe shi da fara'a, har da ba shi kujera.

"Baba Ladan, ƙarya muka yi maka? Ba muryarka ba ce? Ai jama'a sun yarda da kai ne. Kwantar da hankalinka, da an gama zaɓe za a cire."

Ya je wajen Liman. Liman yana jan carbi ya ce lokaci ne na fitina, a yi haƙuri, a yi ta addu'a. Ladan ya fito ya ce to, bakin da ya ɓata shi zai gyara. Sai dai ya tarar an sa wa akwatin na'urar sauti sabon kwaɗo, makullin yana aljihun Sakatare. A kunna masa ya yi kiran salla, a kashe. Ranar da ya gama kira ya yi sauri ya ce "Jama'a," sai ya ji ƙas, an kashe. Tsoho da shi, ya tsaya riƙe da makirufo kamar mai riƙe da muciya, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Ana saura kwana huɗu zaɓe aka jefi ƙofar shagon Kafinta da duwatsu. Washegari da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Kafinta ya ce zai kai iyali wajen surukansa sai abin ya lafa, amma har injin yankan katako aka loda, kowa ya san ba tafiyar dawowa ba ce.

Ladan ya taya shi ɗaukar akwatin kayan aiki, mutanen layi suna leƙe ba wanda ya matso. Tun asuba yake shirya abin da zai faɗa: ya nemi gafara, ya gode masa zaman shekaru, ya ce masa tsanin nan har yau ko ƙusa ɗaya bai saki ba. Ya kama hannun Kafinta, ya buɗe baki.

Daidai nan motar kamfe ta shawo kwanar layin. Aka ƙwanƙwasa sau biyu, aka yi gyaran murya.

Ladan ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, shi da ake jin kiransa har bakin kasuwa, amma ta kan motar ta danne tasa. Kafinta ya matso da kunne, ya girgiza kai, bai ji ko kalma ɗaya ba. Direba ya yi hon. Kafinta ya dafa kafaɗar Ladan, ya zare hannunsa, ya hau mota.