Lamba Bakwai a Bayan Gilashi

Farfesa ya gama yanke wa talakawa hukunci tun kafin ya zauna da ko mutum ɗaya a cikinsu. A ganinsa wahala ta yi musu yawa har zuciyarsu ta yi kanta: ambaliya, tsadar rayuwa, rashin aiki, duk sun daina taɓa su. Binciken halayyar ɗan Adam da yake gudanarwa a sashensa na jami'a ba tambaya yake yi ba, shaidu yake nema.

Tsarin aikin ba wuya. A zaunar da mutane a ɗaki, a maƙala wa kowa lamba a ƙirji da 'yar na'urar auna bugun zuciya a yatsa, a kunna musu bidiyon wata masifa. Farfesa da mataimakansa suna ɗakin da ke gefe, a bayan wani gilashi da su suke gani amma ba a ganinsu. Dokokinsa biyu ne: ba a kawo dangi, kuma da zarar bidiyo ya fara ba mai shiga.

Auta ta karya ta farko. Ita ce ƙaramar mataimakiya, ba a ma tabbatar mata da aikin ba, kuma ita ke nemo mutanen. Da wani ya fasa zuwa, Farfesa ya ce mata in ya tarar da kujera babu kowa, tata ma haka za ta zama. Albashinta kuwa shi ke riƙe da gidansu tun da ruwan bara ya cinye shagon ɗinkin mahaifinta. Sai ta roƙi mahaifin nata ya cike gurbin.

"Kallo kawai za ka yi, Baba. Amma kada ka nuna ka san ni."

"Ni da na goya ki? To shi ke nan, ranki ya daɗe, ban taɓa ganinki ba."

Hankalinta a kwance yake, don ta san bidiyon da ake sakawa: gobarar daji a wata ƙasa mai nisa. Sai da aka rufe ƙofa, Farfesa ya gyara zama da kofin shayinsa, sannan ya sanar da su ya canja.

"Wancan ya yi musu nisa. Na samo na kusa daga gidan talabijin." Bai tambayi wace unguwa aka ɗauka ba. Mutumin da ruwan sama bai taɓa jiƙa masa takalmi ba, duk unguwannin da ke nutsewa ɗaya suke a wurinsa.

Hoto ya fito. Titi ya zama kogi, katifu da bokitai suna tafiya. Ga shago mai shuɗiyar ƙofa. Wani mutum ya fito daga ciki, ruwa har ƙirjinsa, ya ɗora kan keken ɗinki a kansa. Bayansa kawai ake gani. Auta ba ta buƙatar ganin fuskar.

Ta dubi mahaifinta ta cikin gilashi. Yana zaune a miƙe, tafukansa a kan gwiwa, lamba bakwai a ƙirjinsa. A allo mutumin ya yi tangaɗi, ya nutse, ya ɓullo hannu wofi.

"Ku dubi Lamba Bakwai," in ji Farfesa, yana tsoma biskit a shayi. "Abin da nake ta faɗa muku ke nan. Matar kusa da shi ta ɗan rufe baki, shi ko ƙifta ido bai yi ba. Kamar an ajiye buhun siminti."

Mai Na'ura, wanda ke kula da allon bugun zuciya, ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, nasa fa ya fi na kowa hawa."

"Waya ce ta kwance. Shekara nawa ina karanta fuska? Wannan ko gidansa ne ke tafiya haka zai zauna." Ya yi dariya shi kaɗai, mataimakan suka taya shi gwargwadon matsayinsu. "Maido wurin faɗuwar nan, a hankali. Mu ga ko dutsen zai motsa."

Auta ta san wannan fuskar. Ita Baba yake sakawa in akwai baƙi, don kada ya ɗora wa kowa nauyinsa. Ta dubi Farfesa, ɓurɓushin biskit a gemunsa, yana ta rubutu cikin jin daɗi kamar wanda aka yi wa albishir. Ta tuna hayar gida da maganin Baba. A allo mutumin ya fara tangaɗi a karo na biyu, sannu sannu.

Ta buɗe ƙofa ta shiga ɗakin, ta zare wayar allon daga bango.

Lasifika ta yi ƙara da muryar Farfesa. "Malama, me kike yi? Kin ɓata mini zama gaba ɗaya."

Baba ya ɗago kai, yana nan a kan alkawarinsa. "Malama, wani laifi na yi?"

Ta durƙusa ta cire masa na'urar. Ta san makirufo a buɗe yake, kuma duk abin da ta faɗa zai shiga ɗakin gefe.

"Ba ka yi komai ba, Baba. Tashi mu je gida."

Can sai muryar ta dawo, a sanyaye, irin ta mai karanta sanarwa: "Ki bar katin shaidarki a wurin mai gadi."

Ba wanda ya fito daga bayan gilashin. Suka sauko matakala a hankali, yana dafe da kafaɗarta. A tsakiya ya tsaya ya mayar da numfashi.

"Na ja miki, ko?"

"Ni na ja maka."

"Kin ga na biyun nan da suka sa a hankali? Duk shekarar nan ina zaton sakin keken na yi don tsoro. Ashe ina riƙe da shi, Auta. Ruwan ne ya ƙwace."

Ta miƙa wa mai gadi katin ba tare da ta dube shi ba, suka fita neman mota.