Ranar da Aka Auna Wiwin Baba

Shekara arba'in mahaifina, Si Mfaddal, yana noman wiwi a gefen dutsen ƙauyenmu kusa da Ketama, kuma bai taɓa tsayawa ya ga fuskar ma'aikacin gwamnati ba. Da ya hango farar mota ta shawo kwana, sai ya tattare jallabiya ya yi daji.

Da doka ta canza, aka fara ba manoma izinin noma wa kamfanonin magani. Ni na cika masa takardun, ya dangwala yatsa yana gunaguni. Aka ba shi sabon iri, ya shuka.

Ranar da za a zo ɗibar ganye don awo, muna karyawa da miyar wake da man zaitun, sai ga farar mota. Kafin in ajiye burodina, Baba ya haura katanga, da shekarunsa saba'in.

Mahaifiyata Tamimunt ta leƙa ta saman katanga ta ce, "Mfaddal, dawo mana. Ai yanzu da takardarka."

Daga bayan itacen ɓaure ya amsa, "Ni na sani. Ƙafafun ne ba a gaya musu ba."

Ya dawo yana kakkaɓe ƙaya, ya tarar da wata matashiya mai suna Ikram tsaye da almakashi da 'yan ledoji. Ta gaishe shi da ladabi, ta yi kamar ba ta ga komai ba. Ta yi masa bayani cewa sinadarin da ke bugarwa, THC, shi za a auna, kuma a wannan irin ana so ya zama kaɗan ƙwarai, don wani sinadarin daban ake nema saboda masu farfaɗiya. Baba yana ta gyaɗa kai, amma hankalinsa na kan motar.

Bayan mako biyu ta dawo da sakamako, fuskarta a sake. "Barka, Baffa. Naka ya fi na kowa kyau. Ko buhu mutum ya sha, ba zai ji komai ba."

Baba ya ajiye kofin shayi a hankali. "'Yata, a gonar nan mutum kan ja sau biyu ya tsaya gaisawa da jakinsa har ya tambayi iyali. Yau kuma ki ce ba ya bugarwa?"

"Yabo ne fa, Baffa."

"To, yabon ya tsaya a ɗakin nan."

Bai tsaya ba, don Inna ta je gidan biki washegari. Ranar kasuwa, yana shiga wurin mai shayi, abokinsa Layashi ya ce a matsa wa manomin na'ana'a ya zauna. Baba ya yi wata guda yana shan shayinsa a gida.

Da shekara ta zagayo, Layashi ma ya karɓi izini, ya shuka wannan sabon irin. Ranar da sakamakonsa ya fito, Baba ya sa sabuwar jallabiya, ya tafi yi masa barka tun da hantsi.