Matan Agege Sun Kwana a Bakin Teku

Mastura 'yar Alhaji Mato ce, dillalin shanu a mayankar Agege. A nan aka haife ta, Yarbanci a bakinta kamar Hausa, kuma tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta da ke bayan layin dogo. Wata abokiyar aikinta ce ta fara jan ta zuwa wani wurin shaƙatawa can gaba da Lekki, inda ake kafa fararen tantuna a kan yashi, kowanne da katifa da fanka a ciki. Wurin ya burge ta, sai dai maza da mata a cakuɗe suke, kiɗa kuma bai tsagaita ba. A hanyar dawowa matan layinsu ta riƙa tunawa. Da yawansu sun tsufa a Legas, amma iyakar saninsu da ruwa shi ne wanda ake hangowa daga kan gada in an shiga motar haya ta danfo.

Ta koma wurin ta yi magana da manaja. Ya yarda zai keɓe musu ɓangare guda daga Asabar zuwa Lahadi, ba kiɗa, ba namijin da zai gifta. Da ta kawo wa mahaifinta zancen, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Mu da muka baro daji muka zo birni, ke kuma za ki kwashi iyayenki ki kai su kwanan rumfa? Teku ba wurin wasa ba ne, Mastura."

"Baba, ba shiga can ciki za mu yi ba. Su gani ne kawai, su huta."

Gwaggo Batulu, yayar Alhaji, tana zaune a kan tabarma tana gyara shinkafar waina, sana'ar da ta riƙe tun zuwanta Legas da ƙuruciya. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Mato, ni dai zan je. In kai kake tsoron ruwa, ka faɗa."

Ranar tafiya sai ga cinyar sa guda Alhaji ya aiko daga mayanka, tare da Khamisu, direban da ya yarda da shi, da doguwar mota.

Motar ta cika da mata da tukwane da tabarmi. Suka sha cunkoso a Oshodi, suka sake shan wani a Ajah, rana ta take kafin su isa. Mastura ta sauka da fara'a ta nufi ƙofa, sai ta ga motoci jere, ga manyan lasifikoki ana saukewa. Manajan ya fito yana sosa ƙeya. Wai wani kamfani ne ya ɗauke wurin gaba ɗaya don ma'aikatansa, oga ne ya ba da umarni, shi ba yadda zai yi. Ta yi magiya, ta yi faɗa, bai canza komai ba.

Da ƙyar ta iya komawa ta shaida wa matan. Kalsum mai ɗinki ta ce a hankali, "Dama sai da na ce abin masu kuɗi ba namu ba ne." Bushra, wadda jaririnta ke ta kuka saboda zafi, ta ce gara a juya tun kafin hanya ta ƙara cushewa. Mastura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tana tunanin yadda za ta shiga layinsu da yamma da tukwanen da ba a ɗora ba.

Gwaggo Batulu ta leƙo ta taga. Katangar wurin ta tare komai, amma ana jin ƙugin ruwa daga bayanta. Ta ce, "Ga shi ina jin muryarsa, ban ga fuskarsa ba. Ni ba inda zan juya."

Iska ta kaɗo ƙamshin bandar kifi daga gabas. Mastura ta dubi wajen, ta hango hayaƙi yana tashi cikin itatuwan kwakwa. Ta ce a jira ta, ta cire takalmi ta bi gefen katangar.

Ƙauyen masunta ta tarar, ɗan ƙarami, mata na juya kifi a kan murhun ganga. Ta durƙusa ta gai da wadda ta fi manyanta cikin Yarbanci, kamar yadda 'ya ke gai da uwa. Sunanta Iya Risikatu, ita ce shugabar masu banda. Ta saurari labarin har ƙarshe tana korar hayaƙi da mafici.

"Duka mata ne?"

"Duka, Iya, sai direba."

"A Legas suke, ba su taɓa ganin teku ba?" Iya Risikatu ta girgiza kai, ta juya ga sauran ta maimaita musu. Suka yi ta dariya, ba ta raini ba. Sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. "Yashin da ke bayan waccan katangar da na nan duk ɗaya ne. Je ki taho da su."

Akwai wani fili ƙarƙashin kwakwa inda ake shanya taru. Nan Iya Risikatu ta ba su. Ta aika aka gaya wa mazan ƙauyen su ja jiragensu ɗaya gefen, Khamisu kuma aka miƙa shi ga limamin garin. Matan masunta suka kawo gorori da tamfol ɗin rufe jirgi. Kalsum, wadda ɗazu ta fi kowa karaya, ita ta karɓi ragamar aikin. Ta zare allura da zare daga jakarta, ta sa kowa ta ba da zanen canji, ta harhaɗa su suka zama dogon labule daga wannan itace zuwa wancan. Kafin la'asar rumfuna sun tsaya, an shimfiɗa tabarmi, atamfofi kala-kala suna ta kaɗawa a iska.

Suka yi salla a kan yashi, sahu guda da matan ƙauyen da ke Musulmi. Daga nan Iya Risikatu ta ja su bakin ruwa. Ta ce Mastura ta fassara musu: kada kowa ta wuce gwiwa, kada a juya wa igiyar ruwa baya, in an ji yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafa a tsaya cak.

Matan suka tsaya a jere suna kallo. Ruwa ne har iyakar gani, yana tasowa fari yana zubewa. Gwaggo Batulu ce ta fara takawa, tana riƙe da hannun Mastura gam. Igiyar farko ta shafi idon sawunta. Ta biyu ta zo da ƙarfi ta zaunar da ita daɓas. Aka yo kanta da salati, sai aka tarar dariya take har da hawaye. Ta lashi leɓe ta ce, "Ashe da gaske ne gishirin."

Shi ke nan sauran suka ɓarke. Manyan mata masu jikoki suna gudu suna tsere da kumfa, hijabai sun jiƙe sharkaf, ba wadda ta damu. Bushra ta tsoma ƙafar jaririnta, ya daina kuka ya tsura wa ruwan ido.

Da yamma aka raba cinyar sa biyu, rabi ga matan ƙauye, su kuma suka cika musu tire da kifi mai zafi. Gwaggo ta kafa tanda. Suka ci suka ƙoshi, iskar teku ta sa su barcin da ba su taɓa samu a ɗakunan Agege ba.

Bayan asuba suka ji waƙa. Masunta ne ke jawo taru daga ruwa, matan ƙauye sun kama igiya ɗaya. Matan Agege suka shiga layi suka kama, suna amsa waƙar da ba su san ma'anarta ba, har taru ya fito yana walƙiya da kifi.

Ana cikin karin kumallo wasu mata uku suka tsaya a bakin labule suka yi sallama. Daga cikin ma'aikatan kamfanin nan suke, ƙamshin waina ne ya jawo su. Ɗayarsu, Bayarabiya mai lulluɓi, ta dubi rumfunan da matan da ke kwance suna hira ba mayafi, ta ce kiɗa bai bar su sun runtsa ba. Ta tambaya wa ke da wannan wuri, kuma yaushe za a sake.

Mastura ta buɗe baki za ta ce ai tsautsayi ne ya kawo su. Iya Risikatu ta riga ta.

"Ni da 'yata ne," ta ce, ta dafa kafaɗar Mastura. "Karɓi lambarta."

Satin da ya biyo, Mastura da Kalsum suka tafi Ketu wurin masu ɗinka tamfol na manyan motoci. Kalsum ta zana musu fasalin tanti mai taga da raga saboda sauro, suka zaɓi yadi mai kauri ruwan ƙasa. Matan ƙauyen suka haƙa rijiya kusa da filin, suka kewaye banɗaki da ganyen kwakwa. Tafiya ta gaba mota ɗaya ba ta isa ba, domin matan Obalende da na Ijora sun ji labari, Bayarabiyar nan kuma ta zo da mahaifiyarta da surukarta. Da aka zo sauke kaya, sai da 'yan matan ƙauye suka koma gida suka ƙaro tabarmi.