Zaren Ƙafar Kaza

A gidan hayar da muke, kowace mace da kalar zaren da take ɗaura wa kajinta a ƙafa, don kada su gauraye. Nawa kore ne, na matar direba ja, na mai ɗinki kuwa baƙi.

Matar direba kaza ɗaya ta rage mata, wata ja mai yawan ƙwai. Da ƙwan nan 'ya'yanta ke karya kumallo in uban ya yi nisan tafiya. Tun kazar tana ƙarama ta ɗaura mata zaren roba, irin na ɗinkin buhu. Kaza ta girma, zare bai girma ba, sai ya nutse cikin nama.

Ni na fara ganin kazar tana ɗingishi. Ƙafar ta kumbura suntum, tana jan ta a ƙasa.

Na ce, "Ke 'yar nan, yanke zaren nan."

Ta ce, "In yanke, Iya? Tun da jar kazar mai ɗinki ta ɓata take zuba wa tawa ido. Ranar da babu zare, ranar za ta ce tata ce ta dawo."

Ni kuwa, ni na kai mata wannan zancen, har na ƙara masa gishiri.

Kwana biyar, yatsa ɗaya ya yi baƙi ƙirin, yana wari. Kaza ta daina tono, ta daina ƙwai. Matar direba ta gwada reza, sai jini. Ƙaramin almakashi mai tsini kuwa, mai ɗinki kaɗai ke da shi a gidan.

Matar direba ta rungumi kazar, ta je ta tsaya bakin ƙofar mai ɗinki kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

"Yaya, ara mini almakashi."

Mai ɗinki ta dubi ƙafar, ta yi salati. "Haba ƙanwata! Har ta kai haka kina kallo? Riƙe mini fikafikan."

Ta zaro zaren a hankali, ruwa na bin sa. Ta wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, ta naɗe da tsumma mai tsabta.

Matar direba ta ce, "To, ga ta babu shaida. Ɗauka."

"In ɗauki me? Wa ya ce miki ina son kazarki?"

Su biyun suka juyo suka dube ni. Na sunkuya ina neman takalmina, alhali yana ƙafata.

Ran na uku yatsan ya faɗi, da farcensa. Yanzu a tafin hannu kazar take cin tsaba, ƙwai kuwa shiru har yau.