Wa Ke Ɗauko Gimbiya

Wajen ƙarfe huɗu malamar ajin ta kira. Mai ɗinki ta cire allurar da ke bakinta ta amsa.

"Maman Gimbiya, lafiya dai ko? Sati uku ke nan ba ta tsayawa darasin yamma, ga jarrabawa ta matso."

"Ai babanta ke ɗauko ta ƙarfe shida."

"Wane shida? Ƙarfe biyu take fita."

Ta ajiye wayar a kan keken ɗinki. Kullum shida da rabi yarinyar ke shigowa, ta ce Baba ya sauke ta a bakin layi ya koma shago. Awa huɗu. 'Yar shekara goma sha biyar, awa huɗu kullum, a ina? Da wa?

Wata biyu ke nan ita da maigidan ba sa magana. Ta taso tana jin cewa ba a faɗa a gaban yara, sai ta daina faɗan, ta haɗa da maganar ma gaba ɗaya. Gidan ya yi tsit, har maƙwabta na yaba musu. Saƙo kuwa Gimbiya ke kaiwa: ki ce wa babanki gas ya ƙare, ki ce wa uwarki na ji. A cikin wata biyun nan yarinyar ta koyi buga ƙofa da murguɗa baki. Uwar ta ce tashen balaga ne, ta mare ta. Uban ya ce wayar hannu ce ta lalata ta, ya ƙwace wayar.

Sai da ta yi ta gangarawa cikin jerin kiran wayarta kafin ta samo lambar maigidan.

"Ikon Allah," in ji shi. "Yau bebiya ta warke?"

"Gimbiya na wurinka?"

"Wurina? Ba ke kika aiko ta ta ce min ke za ki riƙa ɗauko ta ba?"

"Ni ce min ta yi kai ne."

Ta ji ƙarar injin shagon ta ɗauke.

"Ka kira ta mana!"

"Da me? Wayar na cikin aljihun teburina."

Minti goma ya iso. Ta shiga gaban mota, mayafi a karkace, da zare manne a hannun riga. Mai gadin makarantar ya ce Gimbiya ita kaɗai take fita, ta yi hagu, ba ta kula kowa. Suka yi hagu. Duk yarinyar da uwar ta hango da farin hijabi sai ta miƙa wuya, duk motar da ke tsaye da baƙin gilashi sai ta leƙa.

"Kin ga tarbiyyarki."

"Wa ya ƙwace mata waya?"

"Wa ya mare ta?"

"Ka dubi hanya, don Allah!"

Suka tambayi mai shagon littattafai, suka tambayi mai wankin mota. Mai sayar da lemo ce ta nuna musu wani ƙaramin asibitin haƙori a tsallaken titi.

"Doguwa mai jan jaka? Kullum nan take shiga. Na ce wannan haƙori nata ya ƙi jin magani."

Ɗakin jiran na da kujeru shida da fanka mai ƙara. A kujerar ƙarshe Gimbiya na barci, ta cire takalmi, littafin lissafi a buɗe kan cinyarta. Mai karɓar baƙi ta ce a hankali, "'Yarku ce? Ba ta damun kowa. Ta ce nan ne kawai ba a aiken ta."

Uwar ta dafa bango. Uban kuwa ya daka tsawa.

"Ke! Tashi!"

Gimbiya ta farka. Ta dubi uban, ta dubi uwar tsaye kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Littafin ya zame ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, 'yar nan."

"Kaka ce? Mama, ki faɗa min, Kaka ce?"

"Wallahi kowa lafiya."

"To me ya sa kuka zo tare?"

 Uwar ta durƙusa tana laluben takalmin yarinyar a ƙarƙashin kujera, Gimbiya na ta jero sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya.