Gansakukar Dutsen Gidan Kuramochi

Setsuko ta sauka daga jirgin ƙasa da hantsi, gwiwoyinta na zogi, ta hau motar da ke kai mutane tsohuwar maƙabartar kan tudu. Tun rasuwar ƙanenta babu wanda ya ƙara leƙa kabarin gidansu, ita kuwa aure ya kai ta can Aomori, tafiyar yini guda. Bana ta ce ko da rarrafe sai ta je.

A bakin haikalin maƙabartar ta ari bokitin katako da ludayi, ta ɗebi ruwa, ta bi hanyar da ta ratsa dogayen itatuwa. Maziyarta sun cika wurin, kowa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoto. Ba ta kula su ba har ta iso dutsen kabarin gidansu, gidan Kuramochi, inda aka binne tokar gawar iyayenta da kakanninta.

Sai ta tarar da wata budurwa cikin jan kimono, doguwar rigar gargajiya, ta jingina da dutsen, har da ɗora gwiwar hannu, wani saurayi mai kyamara yana durƙushe a gabanta.

"Ɗan karkato kai. Yawwa! Kada ki motsa."

Setsuko ta dire bokitin da ƙarfi.

"'Yar nan, ɗaga hannunki daga kan uwata."

Budurwar ta zabura, ta yi ta sunkuyawa tana ba da haƙuri. Setsuko ba ta ko dube ta ba, ta ciro buroshi daga jaka. Gansakuka ta lulluɓe dutsen kore shar, ko harafi ɗaya ba a gani.

"Haba Iya, tsaya!" in ji saurayin. "Kada ki kankare. Duk maƙabartar nan babu dutsen da ya kai shi kyau. Saboda shi muka taso daga Osaka."

"Kyau? Sunan gidanmu ne a ƙarƙashin wannan ƙazantar."

Saurayin ya ruga ya kira malamin haikalin, Jikai, wani matashi mai askin ƙwalƙwal. Jikai ya iso yana murza hannu.

"Iya, gaskiya dutsenku ne. Sai dai baƙi suna son ganin tsufan wurin, har hoton dutsen nan muka sa a tasha. Da za ki wanke gefe kawai..."

"Mahaifinka ne ya yi wa uwata addu'a a nan," in ji Setsuko. "Kai kuma ka mai da ita abin kallo. Da kuka ga dutsen ya yi kore, wa ya neme ni? Daɗi kuka ji babu mai zuwa!"

Saurayin ya yi ƙasa da murya, amma ta ji shi: "Da ta damu da shi ai da bai yi kore ba."

Setsuko ta juyo.

"Me ka ce, samari? Shekarun da na yi ina juya mijina a kan shimfiɗa, ina ba shi abinci a baki, kai ne ka karɓe ni? Matsa min!"

Ta kwara ruwa a kan dutsen, ta durƙusa, ta kama gurza. Gansakukar ta riƙa saɓulewa tana faɗowa da baƙin ruwa. Saurayin ya naɗe kayansa ya tafi yana gunaguni, budurwar ta bi shi a guje, Jikai kuma ya sulale.

Sai da rana ta take ta gama, hannuwanta sun yi jajir. Rubutun ya fito sarai. Ta jera furannin da ta zo da su, ta kunna turare, ta haɗa tafukan hannu. Ta so ta yi addu'a a natse, haushi ya hana ta. Sai ta buɗe baki ta kwashe wa uwar labarin duka, tun daga jan kimonon, tana yi tana tsaki.

Da ta gaji ta zauna a dakalin gefe, ta kwance curin shinkafarta ta ci.